'Yan Rahoto a Shafin Otal da Amanar Baƙo

Jawabin da aka gabatar a zauren taro na ƙungiyar ɗalibai



Da takardar gayyata ta iso ni, sai na ga an nemi in yi magana a kan sana'ata. Sana'ar tawa kuwa har yanzu ba ta sami suna a Hausa ba, shi ya sa idan dattijai suka tambaye ni sai in ce aikin kwamfuta nake yi, a wuce wurin. To, yau ba zan gajarta muku haka ba. Aikina shi ne in shiga shafin intanet na otal, watau inda baƙo ke duba ɗaki, ya zaɓa, ya biya tun bai baro gida ba, in dasa waɗansu 'yan gajerun rubuce-rubuce na umarni waɗanda ke lura da abin da baƙon ke yi su kai labari wani wuri. Masu sana'ar suna kiran kowane ɗaya daga cikinsu tag. Ni kuwa zan kira shi ɗan rahoto, domin aikinsa ke nan: ya tsaya a gefe, ya gani, ya kai.

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci da wannan? Ruwanku biyu ne. Na farko, kusan kowannenku zai zama baƙo wata rana, ko an tura shi taro Abuja, ko kwas a Legas, ko ya fita waje ƙaro ilmi, kuma da wayarsa zai kama ɗaki. Na biyu, a cikinku akwai waɗanda za a ɗauka aikin dasa 'yan rahoton, akwai kuma waɗanda za su zauna a ofisoshin da ke ba da kwangilar aikin ko ke sa ido a kansa. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce: mai dasa ɗan rahoto amana biyu ya rungumo, ta mai otal wanda ke son lissafi na gaskiya, da ta baƙo wanda bai san ma ana kallonsa ba. Sakaci guda yakan ɓarar da su duka biyun.

Abin da ke faruwa idan ka buɗe shafi

Bari mu fara daga tushe. Idan ka rubuta adireshin otal a wayarka, manhajar da kake shiga intanet da ita, watau burauza irin su Chrome ko Safari ko Firefox, takan aika wa babbar kwamfutar da ke ajiye shafin ta ce a turo mata. Abin da ake turowa kuwa ba hoto ɗaya ba ne da aka gama zanawa. Takardar umarni ce: ɗauko hoton ɗaki daga nan, ɗauko taswira daga can, karɓo wannan rubutu daga kamfani kaza ka aiwatar da shi. Burauza ba ta musu. Duk inda aka aike ta sai ta je, kuma duk inda ta je sai ta faɗi lambar da na'urarka ke amfani da ita a intanet, da irin na'urar, da shafin da ya aiko ta.

Abubuwa biyu ne suka ba ɗan rahoto ƙafa da ido, duka biyun kuma daga kamfanin Netscape na Amurka suka fito. A 1994 Lou Montulli ya ƙago kuki, wato ɗan guntun rubutu da shafi ke ajiyewa a burauzarka don ya gane ka in ka dawo, kamar yadda mai gadin tasha ke ba ka lamba in ka ajiye kaya. A 1995 kuma Brendan Eich ya ƙago harshen JavaScript, wanda ke ba shafi ikon yin aiki a cikin na'urarka. Yawancin 'yan rahoto da wannan harshe ake rubuta su. Ina so ku riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo kansa: rubutun da aka bari ya shiga shafi, ko na wane ne, yana iya karanta duk abin da ke cikin shafin nan, har abin da baƙo ke bugawa da yatsunsa.

A 2005 Google ya sayi wani kamfani mai suna Urchin, ya mai da manhajarsa ta ƙirga maziyarta Google Analytics, ya ba da ita kyauta. A 2015 Facebook ya fito da nasa ɗan rahoton da ake kira piksel, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Meta. Kowane kamfanin talla, da kowane shafin kwatanta farashin ɗakuna, yana da nasa, kuma kowanne yana neman a ba shi wurin zama a shafin otal.

Me ya sa mai otal ke son su?

Kada mu yi wa mai otal rashin adalci, bukatarsa ta gaskiya ce. Baƙo kan iso masa ta hanya biyu. Ko ya biyo ta hannun manyan dillalan intanet irin su Booking.com da Expedia, waɗanda duka biyun a 1996 aka kafa su, ko ya zo kai tsaye ta shafin otal ɗin. Dillali kuwa ba ya aikin banza, la'adarsa takan kai kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ɗaki, wani lokaci ta wuce.

Mu ƙaddara, alal misali, ɗaki naira 60,000 ne a kwana, baƙo ya yi kwana uku, ya kama naira 180,000. In ta hannun dillali ya zo, naira 27,000 ta tafi la'ada. Sai mai otal ya ce bari ya kashe naira 200,000 a wata wajen talla don baƙi su riƙa zuwa kai tsaye. In tallar ta kawo irin wannan baƙo guda goma, ya tsirar da naira 270,000, ya ci riba. In huɗu ta kawo, naira 108,000 kaɗai ya tsirar, gara ma ya bar wa dillalin. To, ta yaya zai san goma ne ko huɗu? Amsar wannan tambaya ita ce dalilin samuwar sana'ata. Wanda ke zuba kuɗi a talla ba tare da awo ba, shuka yake yi a duhu.

Yadda ake dasawa

A da, duk ɗan rahoton da za a ƙara sai an kira maginin shafi ya buɗe rubutun ya cusa shi da hannu. A 2012 Google ya fito da Google Tag Manager, wanda za mu iya kira akwatin 'yan rahoto. Sau ɗaya ake dasa akwatin a kowane shafi, daga nan kuma sai mai riƙe da mabuɗinsa ya riƙa zuba abin da ya ga dama daga nesa, ba tare da ya sake taɓa shafin ba. Sauƙi ne babba, haɗari ne kuma babba, domin duk wanda ya mallaki mabuɗin akwati ya mallaki shafin.

Kowane ɗan rahoto a cikin akwatin abu uku ake gaya masa: wurin da zai kai labari, lokacin da zai tashi, da abin da zai ɗauka. Game da lokaci, tafiyar baƙo zango-zango ce. Ya iso, ya nemi ɗaki na ranakun da yake so, ya duba ɗaki, ya fara cika takarda, ya biya, ya ga shafin tabbatarwa. A kowane zango ana ɗana kunama, da zarar baƙo ya taka sai ɗan rahoto ya tashi. Ta haka mai otal zai ga inda mutane ke juyawa. In ɗari suka duba ɗaki, sittin suka fara cika takarda, biyar kaɗai suka biya, to a takardar nan ko a wajen biya ƙayar take.

Game da abin da zai ɗauka kuwa, aikin kirki shi ne maginin shafi ya tanadi wani allo na musamman wanda baƙo ba ya gani, shafi ya riƙa rubuta abin da aka amince a bayar a kai: lambar ciniki, irin ɗaki, yawan kwanaki, jimlar kuɗi, da irin kuɗin. 'Yan rahoto su karanta allon nan kawai. Malalacin ma'aikaci yakan tsallake wannan, ya ce wa ɗan rahoto ya tsinci kuɗin daga fuskar shafi. Ran da aka sāke fasalin shafin sai lissafi ya tsaya, kuma sau da yawa sai an yi makonni ba wanda ya lura.

Akwai ramuka huɗu da na ga sun fi cin masu wannan aiki a shafin otal.

Na ɗaya, gida biyu. Yawancin otal-otal ba su suka gina injin kama ɗaki ba, haya suke yi a wurin wani kamfani, kuma injin yana zaune a wani adireshi dabam. Kuki kuwa na gida ɗaya ne, wanda aka ajiye a shafin otal, injin kama ɗaki ba ya ganinsa. Saboda haka baƙo guda sai a ƙirga shi mutum biyu: na farko ya zo ta talla ya tafi bai sayi kome ba, na biyu ya faɗo daga sama ya biya. Maganinsa shi ne a shaida wa manhajar ƙirga cewa gidajen biyu na mutum ɗaya ne, sai ta riƙa liƙa wata jela mai farawa da _gl a adireshin da baƙo ke latsawa, jelar ta ƙetarar da lambarsa.

Na biyu, ƙofar biya. Baƙo kan fita zuwa shafin banki ko na kamfanin karɓar kuɗi ya tabbatar da katinsa, sa'an nan ya dawo. In ba a gargaɗi manhajar ba, sai ta rubuta cewa bankin ne ya turo wannan baƙo, yabon da ya kamaci talla ya koma ga wanda bai yi aikin ba.

Na uku, ƙirga biyu. Baƙo ya gama biya, ya ajiye shafin tabbatarwa a wayarsa, gobe ya sake buɗewa don ya nuna wa direba adireshi, ɗan rahoto ya sake tashi ya ce an yi sabon ciniki. Dalili ke nan da ya sa kowane ciniki dole ya tafi da lambarsa ta kansa, don a gane maimaici a zubar. Wannan ramin ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa a farkon aikina, a wani otal da ba zan ambaci sunansa ba. Manaja ya yi ta murna da alƙaluman da na kai masa, har ya ƙara kuɗin talla, sai da akanta ta ɗauko littafinta a ƙarshen wata ta ajiye kusa da nawa. Tun daga ran nan ban ƙara miƙa aiki ba sai na kama ɗaki da kaina don gwaji, na kuma gwada alƙalumana da na ofishin kuɗi.

Na huɗu, irin kuɗi da soke ciniki. In shafi yana karɓar naira da dala, aka manta ba a faɗa wa ɗan rahoto wanne ne ba, to dala 100 da naira 100 duk ɗaya ne a wurinsa. Haka kuma baƙon otal yakan fasa tafiya, in ba a aika labarin sokewar ba, cinikin da bai tabbata ba zai zauna a lissafi.

Ko an kauce wa ramukan nan duka, awon ba ya cika cif. Firefox ta soma toshe kukin masu bin sawu ga kowa da kowa a 2019, Safari ta toshe kukin baƙin kamfanoni gaba ɗaya a 2020, kuma tun 2019 take share kukin da rubutun JavaScript ya ajiye bayan kwana bakwai. Baƙon otal kuwa yakan yi mako biyu yana shawara kafin ya biya, in ya dawo sai a ɗauke shi sabon mutum. Google ya yi shelar a 2020 cewa Chrome ma za ta bi sahu, amma a 2024 ya janye wannan niyya. Kayan aikin ma suna sauyawa: ran 1 ga Yuli 2023 tsohuwar Google Analytics ta daina karɓar bayani, duk wanda bai koma sabuwar ba ya wayi gari allonsa fayau. Saboda haka mai gaskiya a sana'ar nan yakan gaya wa mai otal tun farko cewa alƙaluman nan ƙiyasi ne mai amfani, littafin akanta shi ne alƙali.

Inda amanar baƙo ke zuba

Jama'a, duk abin da na faɗa zuwa yanzu amanar mai otal ce. Bari mu juya ga ɗaya.

Ku tuna abin da takardar kama ɗaki ta ƙunsa: sunan mutum, lambar wayarsa, adireshin imel, ran da zai iso, ran da zai tashi, mutum nawa ne a ɗakin, wani lokaci har da lambar fasfo. Wanda ya san wannan ya san inda za ka kwana, ya kuma san daren da gidanka ba ka nan. Ga ma'aikacin da aka tura binciken kuɗi wata jiha, ko alƙali, ko ɗan jarida, ko mace mai tafiya ita kaɗai, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A watan Afrilu na 2019 wani mai bincike a kamfanin tsaro na Symantec, Candid Wueest, ya bayyana cewa ya gwada shafukan otal fiye da 1,500 a ƙasashe 54, ya tarar kashi 67 cikin ɗari, watau biyu cikin kowane uku, suna zubar da bayanan ajiyar ɗaki ga waɗansu kamfanoni na talla da na ƙirga. Ba ɓarawo ne ya fasa ba. Ga yadda abin yake: otal ya aika wa baƙo imel na tabbatarwa da adireshin da zai latsa ya duba ajiyarsa, kuma don a sauƙaƙa masa sai aka rubuta lambar ajiyar da imel ɗinsa a cikin adireshin. Da ya latsa, shafi ya buɗe, 'yan rahoton da ke ciki suka tashi, kowanne ya kai wa ubangidansa cikakken adireshin shafin da yake tsaye a kai. Duk wanda adireshin nan ya faɗa hannunsa yana iya buɗe ajiyar ya karanta, a wurare da yawa ma yana iya soke ta. Ba wanda ya yi niyyar mugunta. Maginin shafi ya yi nasa, mai dasa 'yan rahoto ya yi nasa, ba wanda ya tsaya ya duba mahaɗar ayyukan biyu. Abin mamaki kuma, ƙa'idojin Google Analytics da kansu sun hana a tura musu suna ko imel na mutum.

Wannan sakaci ne. Akwai kuma sata. Na ce muku rubutun da ya shiga shafi yana iya karanta abin da baƙo ke bugawa. A 2018 ɓarayi suka kutsa shafin kamfanin jiragen sama na British Airways, suka ƙara layi 22 kacal a cikin wani rubutun JavaScript da shafin ke amfani da shi. Layukan nan suka riƙa kwafe bayanan kati suna turawa wani wuri, cinikin kuma yana tafiya lafiya lau, ba wanda ya ga alama. Abin ya shafi mutum fiye da 400,000, kuma a Oktoba 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20. A shekarar 2018 ɗin dai, kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster ya gamu da irin wannan, amma shi ta hanyar rubutun wani kamfani dabam, manhajar hira da abokan ciniki, wadda aka bari ta zauna har a shafin biya. Tararsa fam miliyan 1.25 ce, a Nuwamba 2020. Otal-otal ma ba su tsira ba: a Satumba 2019 kamfanin Trend Micro ya gano irin wannan rubutun sata a shafukan kama ɗaki na waɗansu rukunonin otal guda biyu, ya shigo ta rubutun kamfanin da ya gina musu shafukan, kuma masu shiga da waya kaɗai yake yi wa aiki.

Darasin a fili yake. Duk ɗan rahoton da ka ba wuri a shafin biya, ka ɗora tsaron katin baƙonka a kan tsaron gidan da ya fito. In ɓera ya shiga can, ya shigo nan. Shi ya sa ƙa'idar tsaron kati ta PCI DSS, wadda manyan kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suka kafa, ta tanadi cewa daga 31 ga Maris 2025 mai karɓar kati a shafinsa ya riƙe jerin kowane rubutu da ke aiki a shafin biya, da dalilin zamansa, da hanyar gane ko an sauya shi.

Har ila yau akwai wata hasara ƙarama da ba a cika faɗa ba. Kowane ɗan rahoto nauyi ne, datar baƙo yake ci, lokacinsa yake ci. Na sha buɗe akwatin otal in tarar da 'yan rahoton kamfanonin talla da aka rabu da su shekaru, har yanzu suna nan suna kai labari, ba wanda ya tuna ya sallame su.

Abin da doka ta ce

Turai ce ta riga kowa. Tun gyaran da aka yi a 2009 ga dokar sirrin sadarwa ta 2002, Tarayyar Turai ta ce sai da izinin mutum za a ajiye masa kukin da ba dole ba ne ga aikin shafi. Ran 25 ga Mayu 2018 babbar dokar kare bayanai ta GDPR ta soma aiki, da tara mai iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara a duniya. A Oktoba 2019 kotun Tarayyar, a shari'ar Planet49, ta yanke cewa akwatin amincewa da aka riga aka yi wa mutum maki a ciki ba izini ba ne. A Janairu 2022 hukumar Faransa ta bayyana tarar yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, laifinsu kuwa shi ne amincewa da kuki latsawa ɗaya ce, ƙin amincewa sai an sha zagaye. Kada ku ce wannan maganar Turawa ce kawai, domin otal da ke wajen Turai, in yana tallar ɗakunansa ga mutanen da ke can, dokar tana iya hawa kansa.

A nan gida, a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa. Dokar ta ce shirun mutum ba yarda ba ne, kuma ba a zaɓa masa amincewa tun kafin ya zaɓa. Tara ga manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga mai sana'ata ma'anar wannan ita ce, tambayar da ke fitowa a shafi tana neman izinin baƙo dole ta zama an ɗaure ta da akwatin 'yan rahoto, ta yadda in ya ce a'a, 'yan rahoton talla ba za su tashi ba. Na ga shafuka da dama inda tambayar ado ce kawai, 'yan rahoto sun riga sun kai labari tun baƙo bai karanta ta ba. Wannan yaudara ce, ko an yi ta da sani ko da jahilci.

Akwai kuma sabuwar hanya da ke yaɗuwa tun 2020, inda ba burauzar baƙo ke aika labari ga kamfanoni ba, sai a tara shi a kwamfutar otal, daga can a rarraba. Tana da alheri, domin ana iya tace bayani a cire suna da imel kafin ya fita. Amma ta ɗauke aikin daga inda idon baƙo ko na mai bincike zai iya gani. Inda babu mai gani kuwa, sai halin ma'aikaci.

Roƙona gare ku

Ga waɗanda za su shiga sana'ar, ga abin da na koya. Kafin ka dasa ɗan rahoto, ka rubuta tambayar da zai amsa wa mai otal. In babu tambaya, babu dalilin dasa shi. Ka riƙe rajista ta duk waɗanda ke cikin akwati, wa ya nema, yaushe, me yake ɗauka, ka kuma riƙa bitarta kana sallamar waɗanda aikinsu ya ƙare. Kada suna, ko imel, ko lambar waya, ko abin da zai buɗe ajiyar baƙo ya shiga adireshin shafi ko allon 'yan rahoto. Shafin da ake buga lambar kati, ka bar shi wayam gwargwadon iko. Mabuɗin akwati ya zauna da sunan otal, a hannun mutane kaɗan, wanda ya bar aiki a karɓe nasa ran nan. Sa'an nan ka yi gwaji sau biyu, sau ɗaya ka ce ka yarda, sau ɗaya ka ce ba ka yarda ba, ka buɗe tagar bincike ta burauza ka ga da idonka abin da ya fita da inda ya nufa.

Ga ma'aikatan gwamnati, wata rana fayil zai iso teburinku, na shafin masaukin baƙi na jiha, ko na hukumar yawon buɗe ido, ko na gidan baƙi na jami'a. Ba sai kun iya JavaScript ba. Ku yi wa ɗan kwangila tambaya uku, ku ce ya amsa a rubuce: 'yan rahoto nawa ne a shafin, me kowanne ke ɗauka, kuma mabuɗin yana hannun wa? Wanda ya kasa amsa waɗannan bai gama aikinsa ba, kada a sa hannu a biya shi.

Ga sauranmu kuwa, baƙi, idan shafi ya tambaye ku, ku karanta kafin ku latsa, kuna da ikon cewa a'a. Kuma imel ɗin tabbatar da ɗaki, ku ɗauke shi tamkar mabuɗin ɗakin, kada ku riƙa tura shi zaurukan hira.

Shugaba, sauke baƙi tsohuwar sana'a ce a wurinmu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a gidan fatoma suke sauka, shi ya san abin da kowa ya zo da shi, da wanda ke bin wani bashi, da ran da ayari zai tashi. Da wannan sani yake cin abinci, domin da shi yake haɗa mai saye da mai sayarwa ya sami la'adarsa. Amma ran da aka ji labarin kayan baƙo ya fita daga bakinsa ya isa kunnen 'yan fashi, gidansa ya mutu, ko da ba alƙalin da ya kira shi. Mai otal na yau yana da haƙƙin ya san baƙinsa kamar yadda fatoma ya sani, kuma abin da ya hau kan fatoma ya hau kansa. Bambancin kawai shi ne, bakin gidan yanzu yana hannun wani saurayi ko wata budurwa mai kwamfuta, mai yiwuwa ma ɗaya daga cikinku da ke zaune a nan.